Kiristanci a Japan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Addinin da Ya Yi Shekara 259 a Haramce

Wanda ya ga hotunan titunan Tokyo a watan Disamba, fitilu sun haske ko'ina, bishiyar Kirsimeti a ƙofar kowane kanti, zai ɗauka ƙasar Kiristoci ce. Haka wanda ya ga amarya cikin farar riga tana fitowa daga wani gini mai gicciye a sama. Sai dai in ka tara mutanen Japan ɗari, da kyar za ka tsinci Kirista ɗaya. Japanawa sun karɓi makarantar da 'yan mishan suka kawo, sun karɓi asibitin, sun karɓi bikin, suka bar baftismar. Tambayoyin da ke ƙasa suna bin sawun yadda aka yi haka ta faru.

Kiristoci nawa ne a Japan yau?

Kusan kashi 1 cikin 100 na al'ummar da ta haura miliyan 120. 'Yan Katolika 'yan asalin ƙasar sun ɗan haura 400,000, sauran kuma mabiya ɗarikun Furotesta ne da wata 'yar ƙaramar jama'a ta Otodoks. Baƙi ma'aikata daga Filifin, Brazil da Vietnam sun ƙara cika coci-coci a 'yan shekarun nan. Jihar Nagasaki ce aka fi samun Kiristoci a cunkushe. A maƙwabciyarta Koriya ta Kudu kuwa, Kiristoci sun wuce rubu'in jama'a, abin da ke sa lamarin Japan ya ƙara ɗaure kai.

Wa ya fara kawo addinin, kuma yaushe?

Fada Francis Xavier ne, na ƙungiyar fadojin Katolika ta Jesuit. Ya sauka a Kagoshima da ke kudancin tsibirin Kyushu ranar 15 ga Agusta, 1549, shekara shida bayan 'yan kasuwar Fotugal sun fara isa tsibirin Tanegashima da bindigogi. Ɗan jagoransa wani mutumin Kagoshima ne mai suna Anjiro, wanda ya tsere daga gida saboda laifin kisa, suka haɗu a Malaka a 1547.

Tun ranar farko harshe ya ba su wahala. Da Xavier ya nemi kalmar da zai kira Ubangiji da ita, Anjiro ya ba shi "Dainichi". Xavier ya yi ta wa'azi da wannan suna, malaman addinin Buddha na ɗarikar Shingon kuma suna maraba da shi hannu bibbiyu. Ashe Dainichi sunan babban Buddha ne da su suke bauta wa, sun ɗauka baƙon wata sabuwar ɗarikarsu ya kawo daga Indiya. Da ya gane, sai ya koma amfani da kalmar Latin, "Deus", wadda bakin Japanawa ya mayar "Deusu". Masu adawa da shi suka sami abin tsokana, don ta yi kama da "dai uso", wato babbar ƙarya. Bahaushe, Musulmi ko Kirista, da ya ce "Allah" an san Wanda yake nufi. A Japan babu irin wannan kalma a ajiye, kuma matsalar ba ta mutu ba, za mu sake cin karo da ita. Xavier ya bar ƙasar a 1551, ya mutu a wani tsibiri a gaɓar Sin a 1552.

Me ya sa sarakunan yankuna suka rungumi baƙon addini da sauri haka?

Lokacin yaƙin basasa ne. Ƙasar ta rarrabu a hannun sarakunan yankuna da ake kira daimyo, kowa yana neman abin da zai fi maƙwabcinsa da shi. Jirgin Fotugal da ke zuwa daga Macau, tasharsu a gaɓar Sin, yana ɗauke da siliki na Sin, da dalma, da sinadarin haɗa albarushi, kuma ya fi son ya tsaya a tashar sarkin da ya karɓi fadoji. Omura Sumitada ya karɓi baftisma a 1563, shi ne daimyo na farko. Shi ya buɗe tashar Nagasaki ga jiragen Fotugal, a 1580 kuma ya miƙa garin kacokan ga 'yan Jesuit. Otomo Sorin na Bungo da Arima Harunobu suka biyo baya. In sarki ya shiga, talakawansa sukan bi, wasu da son rai, wasu da tilas. A wasu yankunan an rushe wuraren ibadar Buddha da na Shinto, addinin gargajiyar Japan, abin da daga baya ya zama hujja a hannun maƙiyan addinin.

Oda Nobunaga, wanda ya fara haɗe kan ƙasar da takobi, bai taɓa zama Kirista ba, amma ya ba fadoji fili. Dalilinsa a bayyane yake: manyan abokan gabarsa su ne sansanonin malaman Buddha masu makamai, har ya ƙona babbar cibiyarsu ta dutsen Hiei a 1571. Maƙiyin maƙiyinka abokinka ne. A fadar Nobunaga ne ma wani baƙar fata ɗan Afirka da ake kira Yasuke, wanda ya zo tare da Fada Alessandro Valignano, ya sami shiga a 1581.

Kada a ce duka neman riba ne. Takayama Ukon ya gwammace a ƙwace masa sarauta da ƙasa da ya bar addininsa, aka kore shi zuwa Manila a 1614, ya mutu can bayan 'yan makonni. A Funai, Luis de Almeida ya buɗe asibiti a 1557 yana karɓar kutare da jariran da iyaye suka yar saboda yunwa. Talaka ya ga wannan da idonsa. Zuwa farkon ƙarni na 17, masana tarihi suna ƙiyasta Kiristoci sun kai wajen 300,000, wato kasonsu cikin jama'a a lokacin ya fi na yau.

Da gaske ne Japanawa sun je wurin Fafaroma tun wancan zamanin?

Gaskiya ne. Valignano ya shirya tura samari huɗu 'yan gidan sarauta daga Kyushu. Sun tashi a 1582, suka gana da Fafaroma Gregory na 13 a Rum a 1585, suka dawo a 1590 da injin buga littattafai. Ƙarshensu ya bambanta: ɗaya ya fita daga ƙungiyar Jesuit, wani kuma, Nakaura Julião, ya zama fada, aka kashe shi ta hanyar azaba a Nagasaki a 1633.

To me ya juya lamarin har aka haramta addinin?

Toyotomi Hideyoshi, wanda ya karɓi ragamar mulki bayan Nobunaga, shi ne ya fara. A 1587, bayan ya ci Kyushu da yaƙi, ya tarar Nagasaki tana hannun baƙi, shugaban 'yan Jesuit Gaspar Coelho kuma ya zo gaishe shi cikin jirgin ruwa mai igwa. Hideyoshi ya aika masa tambayoyi: don me kuke tilasta wa mutane? Don me kuke rushe wuraren ibada? Don me kuke cin naman shanu da dawaki, dabbobin aiki? Don me 'yan Fotugal suke sayen Japanawa suna tafiya da su bayi? Tambayar ƙarshen nan ba ƙage ba ce, an yi wannan cinikin. Ya ba da umarnin korar fadoji, amma bai matsa ba, don yana son kasuwancin.

Abin ya ɓaci a 1596 lokacin da jirgin Sifaniya mai suna San Felipe ya fashe a gaɓar Tosa. An ruwaito cewa wani daga cikin matuƙansa ya yi alfahari cewa sarkin Sifaniya yakan tura 'yan mishan gaba, sojoji su biyo baya. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, Hideyoshi yana ganin abin da ya sami Filifin. Aka kama mutum 26: baƙi shida 'yan ƙungiyar Franciscan, Japanawa uku 'yan Jesuit, da mabiya 17 har da yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara 12. Aka yanke musu gefen kunne, aka tasa ƙeyarsu daga Kyoto cikin tsananin sanyi na kusan wata guda, aka gicciye su a tudun Nishizaka a Nagasaki ranar 5 ga Fabrairu, 1597.

Cikakken hani ya zo a 1614 a hannun Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan shogun, wato sarkin yaƙi mai riƙe da ainihin mulki. A lokacin 'yan Holan da Ingilishi sun iso, su kuma ciniki kawai suke so ba wa'azi ba. Tunda ana iya samun hajar ba tare da fadan ba, dalilin haƙuri da fada ya ƙare. A ganina tsoron mahukunta bai tsaya kan sojojin Sifaniya ba. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne talaka ko barden da zai ce akwai Wani sama da ubangidansa, wanda umarninsa ya fi ƙarfi.

Yaya aka yi gwamnati ta kusa shafe addini gaba ɗaya?

Da farko da kisa a bainar jama'a. A 1622 an kashe mutum 55 rana ɗaya a Nagasaki, wasu da wuta, wasu da takobi. Amma mahukunta suka lura cewa kisan yana ƙara wa masu kallo imani. Sai suka sauya dabara: ba gawa suke nema ba, mai ridda suke nema. Aka riƙa zuba wa mutane tafasasshen ruwan maɓuɓɓugan dutsen Unzen kaɗan-kaɗan. Mafi muni shi ne azabar rami: a ɗaure mutum tamau, a rataye shi kai ƙasa cikin rami mai ƙazanta, a ɗan tsaga bayan kunnensa don jini ya riƙa ɗiga kada ya mutu da wuri, a bar masa hannu ɗaya a sake don ya yi alama in ya sallama. A 1633 Cristóvão Ferreira, babba a cikin 'yan Jesuit na Japan, ya ɗaga hannu bayan 'yan sa'o'i. Labarin ya girgiza Turai.

Amma takarda ta fi rami aiki. Aka wajabta wa kowane gida ya yi rajista a wani haikalin Buddha, malamin haikalin ya ba da shaidar cewa babu Kirista a gidan. Aka haɗa gidaje biyar-biyar, in an kama Kirista a ɗaya duka su ɗanɗana. Aka kafa allunan sanarwa a mararraba da ladan tsegumi, har azurfa 500 ga wanda ya tona asirin fada. Sannan ga fumi-e: hoton Yesu ko na Maryamu a kan allo ko tagulla, a ajiye a ƙasa, mutum ya taka a gaban jami'i. A Nagasaki kowace sabuwar shekara ake yi, gida-gida, har marar lafiya a kan shimfiɗarsa ana ɗora masa a tafin ƙafa.

Tawayen Shimabara yaƙin addini ne ko na yunwa?

Duka biyun. Sarkin yankin, Matsukura Katsuie, ya ɗora wa manoma harajin da ya fi ƙarfinsu a shekarun fari, yana azabtar da wanda ya kasa biya. Yawancin manoman nan Kiristoci ne ko tsoffin Kiristoci. A ƙarshen 1637 suka tashi ƙarƙashin wani saurayi ɗan kimanin shekara 16, Amakusa Shiro, suka shige tsohuwar ganuwar Hara da tutoci masu alamun addini. Shogun ya turo mayaƙa fiye da 120,000. Wani jirgin Holan ma ya taya da luguden igwa daga teku, Kiristoci suna harbin Kiristoci don kare kasuwa. Ganuwar ta faɗi a Afrilun 1638, aka karkashe kimanin mutum 37,000, maza da mata da yara. Shi ma Matsukura an fille masa kai saboda shi ya jawo fitinar.

A 1639 aka kori 'yan Fotugal baki ɗaya. Da Macau ta turo jakadu a 1640 neman sulhu, aka kashe 61 daga cikinsu. 'Yan Holan kaɗai aka bari cikin Turawa, aka killace su a ɗan tsibirin Dejima daga 1641.

In babu fada, babu coci, babu Littafi, yaya wasu suka riƙe addinin fiye da shekara 200?

Nan ne zuciyar labarin. A ƙauyukan masunta da manoma na Urakami, Sotome, tsibiran Goto, Hirado, Ikitsuki da Amakusa, jama'a suka raba aikin fada a tsakaninsu. Akwai chokata, dattijo mai riƙe da lissafin kwanaki, shi ke sanar da ranar Kirsimeti da lokacin azumi da ranakun da ba a taɓa taki ko allura. Akwai mizukata, "mai ruwa", wanda ke yi wa jarirai baftisma. Akwai mai kai saƙo gida-gida. Muƙaman nan sau da yawa gado ne, daga uba zuwa ɗa.

Addu'o'in, waɗanda suke kira orasho daga kalmar Latin ta addu'a, da ka ake haddace su, gaurayen Latin da Fotugis da Japananci. A wasu wurare a lokacin azumi kaɗai ake koyar da su, cikin dare, malami da ɗalibi a lulluɓe da bargo don kada murya ta fita. Bayan ƙarni biyu masu karantawa ba su san ma'anar yawancin kalmomin ba, amma ba su yarda su canza ko ɗaya ba. A ɗaki kuma sukan ajiye farin gunkin tangaran na Kannon, abar bautar 'yan Buddha mai alamar jinƙai, rungume da jariri. Jami'i ya gani ya wuce, mai gida kuwa Maryamu yake gani. A Ikitsuki hotunan ibada suna ɓoye a ɗakin ajiyar kaya, an zana su da kimono, rigar gargajiyar ƙasar, da gashin Japanawa.

Fumi-e fa? Suna takawa. Kowace shekara suna takawa, su dawo gida su karanta addu'ar tuba da suke kira konchirisan. Ana ba da labarin waɗanda kan ƙona takalmin kabar da suka taka hoton da shi, su jiƙa tokar su sha. In mutum ya mutu, dole malamin Buddha ya zo ya yi karatunsa, su kuma a ɗaki na kusa suna karanta wata addu'a ta "goge" karatun nasa. Musulmin da ya san labarin Ammar ɗan Yasir, wanda aka tilasta wa furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, zai fahimci nauyin da ke kan waɗannan mutane. Bambancin shi ne su sun yi ta maimaitawa, kaka da jika, tsawon zuriya bakwai. Akwai ma wani annabci da suke dangantawa ga wani mai wa'azi ɗan ƙasa da ake kira Bastian, cewa bayan zuriya bakwai fadoji masu sauraron tuba za su dawo.

Yaya aka gano su?

Jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun tilasta wa Japan buɗe ƙofa a 1853 da 1854, yarjejeniyoyin 1858 kuma suka ba baƙi damar gina wuraren ibada don kansu. Fadojin Faransa suka gina cocin Oura a Nagasaki. Ranar 17 ga Maris, 1865, wasu mutum goma sha wani abu daga Urakami suka shigo kamar 'yan kallo. Wata mata ta matso kusa da Fada Bernard Petitjean ta raɗa masa cewa zuciyarsu ɗaya ce da tasa, sannan ta tambayi inda gunkin Santa Maria yake. Daga baya mutanen suka gwada shi da abubuwa uku da kakanni suka bar musu: ba shi da mata? yana girmama Maryamu? daga wurin shugaban da ke Rum ya zo?

Murnar ba ta daɗe ba, don dokar hani tana nan. Da mutanen Urakami suka fara ƙin kiran malamin Buddha wajen jana'iza a 1867, aka kama su. Sabuwar gwamnatin Meiji, wadda ta maye gurbin mulkin shogun kuma ake yabo da kawo zamani, ita ce ta kwashe kusan mutum 3,400 ta warwatsa su a sassan ƙasar, fiye da 600 suka mutu. Abin da ya cece su siyasar waje ce: tawagar jakadun gwamnati ƙarƙashin Iwakura da ta zaga Amurka da Turai daga 1871 tana neman a gyara yarjejeniyoyin da suka cuci Japan, duk inda ta je sai an tayar mata da wannan magana. A 1873 aka sauke allunan hani.

Duk ɓoyayyun sun koma cocin Katolika?

A'a. Da yawa sun koma, suka gina coci-cocin bulo da na katako da ake gani yau a Goto da Sotome, da guminsu. Wasu kuwa suka ƙi. A wurinsu addinin gaskiya shi ne wanda kakanni suka sha wuya a kansa, da gumakansa da bagaden tunawa da magabata, ba wanda baƙon fada ya zo yana gyarawa ba. Su ake kira Kakure Kirishitan, wato ɓoyayyun Kiristoci, har yau, ko da yake babu sauran abin ɓoyo.

Ina 'yan Furotesta suka shigo, kuma me ya sa ake cewa tasirinsu ya fi yawansu?

Sun fara isowa a 1859. Tunda wa'azi haramun ne, sai suka kama koyar da Turanci da aikin likita. James Curtis Hepburn ya buɗe ɗakin shan magani a Yokohama, ya wallafa ƙamus na Japananci da Turanci a 1867, kuma tsarin rubuta Japananci da haruffan boko da duniya ke amfani da shi yau sunansa yake ɗauke da shi. Daga Rasha kuma Fada Nikolai ya iso Hakodate a 1861 ya kafa cocin Otodoks.

Waɗanda suka fi amsa kiran su ne 'ya'yan samurai, wato baraden ƙasar, da juyin Meiji ya raba da matsayinsu, matasa masu ilimi da ke neman sabuwar alƙibla. Shi ya sa Kiristancin zamani a Japan ya zama na 'yan birni masu karatu. Niijima Jo ya kafa Doshisha a Kyoto a 1875. Rikkyo da Aoyama Gakuin sun samo asali a 1874, 'yan Jesuit suka kafa Jami'ar Sophia a 1913. Inda suka fi yin tasiri shi ne ilimin mata, lokacin da gwamnati ta fi damuwa da na maza: makarantar Ferris a Yokohama ta fara a 1870, Tsuda Umeko ta buɗe tata a 1900. Hotonta ne a kan takardar yen 5,000 tun 2024, kafin nan kuma wani Kirista, Nitobe Inazo, ya taɓa zama a kan wannan takarda. Ƙara da gidan marayu na Ishii Juji a Okayama, da asibitocin kutare, da asibitin St. Luke a Tokyo, da yaƙi da gidajen karuwai masu lasisi, da Kagawa Toyohiko wanda ya tare a unguwar matalauta ta Kobe a 1909 ya taimaka wajen kafa ƙungiyoyin ƙwadago da na gama-kai. Cikin firaministocin ƙasar ma an sami Kiristoci da dama, irin su Katayama Tetsu, Ohira Masayoshi, Aso Taro da Ishiba Shigeru. Kashi 1 cikin 100 ke nan.

Yaya Kiristoci suka yi da batun girmama Sarkin Japan a zamanin mulkin soja?

Tsarin mulkin 1889 ya ba da 'yancin addini, amma da sharaɗin kada ya saɓa wa wajibin talaka ga Sarki. A 1891 wani malamin makaranta a Tokyo, Uchimura Kanzo, ya ƙi rusunawa sosai ga takardar umarnin Sarki kan tarbiyya. Jaridu suka yi masa ca, ya rasa aikinsa. Shi ne daga baya ya kafa tafiyar Mukyokai, Kiristanci ba coci ba fasto, sai taron nazarin Littafi, yana cewa abu biyu yake ƙauna, Yesu da Japan.

Irin Uchimura ba su da yawa. Gwamnati ta ce zuwa wuraren bautar Shinto na ƙasa kishin ƙasa ne ba ibada ba, a 1936 fadar Vatican ta amince 'yan Katolika su je. A 1941 aka tattara ɗarikun Furotesta cikin ƙungiya ɗaya, wadda ta mara wa yaƙin baya. An ɗaure fastocin ɗarikar Holiness da dama a 1942, wasu suka mutu a kurkuku. Sai a 1967 haɗaɗɗiyar cocin ta fito ta amsa laifinta a rubuce.

Da gaske bam ɗin Nagasaki a kan unguwar Kiristoci ya faɗa?

Haka ne. Bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa ranar 9 ga Agusta, 1945, da ƙarfe 11:02 na safe, ya fashe kimanin mita 500 daga babban cocin Urakami, wanda jikokin ɓoyayyun nan suka shafe shekara 30 suna ginawa a filin da ake sa kakanninsu taka hoto. Cikin 'yan Katolika kusan 12,000 na unguwar, wajen 8,500 suka mutu. An sake gina cocin a 1959.

Bayan yaƙi an sami cikakken 'yanci. Me ya hana addinin yaɗuwa?

Janar MacArthur, shugaban sojojin Amurka da suka mamaye Japan bayan yaƙin, da kansa ya yi kira a turo 'yan mishan, aka raba Littafi Mai Tsarki da yawan gaske, tsarin mulkin 1947 ya raba addini da gwamnati. Coci-coci suka cika na ɗan lokaci, sannan suka koma yadda suke.

Babban dalili a ganina shi ne addini a Japan na gida ne, ba na mutum ɗaya ba. Rajistar haikali da aka ƙirƙiro don farautar Kiristoci ita ce ta ɗaure kowane iyali da wani haikali, inda kabarin zuriya yake. A gida akwai bagaden magabata da ake sa wa shinkafa da turare. Babban ɗa da ya karɓi baftisma tamkar ya ce ba zai kula da kabarin ubansa ba ne. Na biyu, mutanen ba su saba da addinin da ke cewa "ni kaɗai" ba. Su da kansu suna raha cewa ana haifarsu a Shinto, su yi aure a Kiristanci, su mutu a Buddha. Na uku, tsohuwar matsalar Xavier: masu fassarar ƙarni na 19 sun zaɓi kalmar "kami" ga Ubangiji, ita ce kuma kalmar da ake kiran dubban abubuwan bautar Shinto da ita, na dutse da kogi da magabata. A Koriya Kiristanci ya haɗu da gwagwarmayar ƙin mulkin mallakar Japan, ya zama na 'yan ƙasa. A Japan bai taɓa rabuwa da warin baƙunta ba. Marubuci ɗan Katolika Endo Shusaku ya gina littafinsa na 1966, Chinmoku, wato "Shiru", a kan wannan tambaya da kuma riddar Ferreira.

To bikin aure a coci da Kirsimeti fa?

Ado ne, kuma ba sa ɓoyewa. A doka, aure yana ƙulluwa ne da rajista a ofishin ƙaramar hukuma, biki kuwa zaɓi ne. Shekaru da yawa salon coci shi ne kan gaba a bukukuwan aure. Yawancin "coci-cocin" nan ɗakuna ne a otal ko gidan biki, "faston" kuma sau da yawa Bature ne mai koyar da Turanci da ke neman na cefane a ƙarshen mako.

Ranar 25 ga Disamba ranar aiki ce. Daren jajibere na masoya ne, ana cin kek mai kirim da jan 'ya'yan itace. Soyayyar kaza kuwa ta samo asali daga tallar da KFC ta ƙaddamar a 1974, har yanzu mutane suna yin odar tun makonni kafin ranar.

Akwai abin da zamanin 'yan Fotugal ya bari a harshe da abinci?

Burodi a Japananci "pan" ne, daga Fotugis. Haka "tabako", da "botan" na maɓallin riga, da "karuta" na wasan kati. Kek ɗin kasutera shi ne tsarabar Nagasaki. Alewar konpeito tana cikin kyautar da Fada Luis Frois ya kai wa Nobunaga a 1569. Suyar tempura, wato kifi ko kayan lambu da ake tsomawa a kwaɓin fulawa a soya, ita ma ana danganta ta da su. Ƙamus ɗin Japananci da Fotugis da 'yan Jesuit suka buga a Nagasaki a 1603, mai kalmomi sama da 30,000, yana cikin manyan hanyoyin da masana ke sanin yadda ake furta Japananci a wancan zamani.

Na ji an ce akwai kabarin Yesu a Japan.

Akwai wani tudu a ƙauyen Shingo na jihar Aomori da aka kafa wa gicciye. Labarin ya ɓullo ne a 1935 daga wasu takardu da masana suka yi watsi da su a matsayin jabu. Babu cocin da ya yarda da shi, mutanen ƙauyen ma ba Kiristoci ba ne. Suna yin biki a wurin duk shekara, malamin Shinto ne ke jagoranta, 'yan yawon buɗe ido suna zuwa.

Akwai sauran masu bin addinin ɓoye a yau?

Kaɗan, kuma tsofaffi. A 2018 UNESCO ta sa wurare 12 na Nagasaki da Amakusa cikin kayan tarihin duniya, har da cocin Oura da kufan ganuwar Hara, Fafaroma Francis kuma ya ziyarci tudun Nishizaka a 2019. Amma a ƙauyukan, matasa sun tafi birni, ƙungiyoyin suna rushewa ɗaya bayan ɗaya don an rasa mai gadon mizukata. Abin da azabar rami ta kasa yi, ƙaura zuwa birni tana yi.

A Ikitsuki har yanzu akwai dattawan da ke rera orasho. Ɗaya daga cikin waƙoƙin, wadda suke kira Gururiyoza, ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, har masanin kiɗa Minagawa Tatsuo ya gano asalinta a wani tsohon littafin waƙoƙin coci a ɗakin karatu a Madrid. Waƙar yabon Maryamu ce, O gloriosa Domina, da wani karin sauti na yankin Sifaniya na ƙarni na 16 wanda a can ma an daɗe da daina rerawa.